Fara da Ja a Gwangwanin Zare

Allura ce ta fara haɗa ni da ita. Bayan rasuwar maigidana idona ya yi rauni. Wata rana ina zaune a ƙofar ɗaki ina ta fama da zare ya ƙi shiga, sai 'yar maƙwabcinmu makaniki ta leƙo. Ta karɓa ta zura. Ta nemo wasu allurai biyar ta zura musu, ta soke su a jikin labule. "Inna, ga na sati guda nan." Shekararta goma sha huɗu a lokacin.

Don-Me ake kiranta a gidansu, saboda ba ta iya ganin abu ta bar shi. Don me gishiri ke narkewa a ruwa, yashi ba ya narkewa? Don me kyanwa ba ta gumi? Ubanta yakan ce gara ya wuni ƙarƙashin mota da ya zauna hira da ita.

A shekarar ne jiri ya sa ni gaba. Da na ɗago daga sujada sai ɗakin ya juya, har ranar da na faɗi a kan darduma. Na koma salla a zaune. Ban faɗa wa kowa ba, na ɗauka lokaci ne ya matso, zan bi maigida. Abin da ya fi cin raina shi ne tsayuwar nan da na rasa.

Maganin hawan jini nake sha. Ni kuwa ba na son tarkace, da an kawo sai in yar da kwalin, in zuba katin ƙwayoyin a gwangwanin zare. Da launi nake gane su. Fara ta asibiti ce. Ja kuwa ɗana ne ya sayo da ya zo gaishe ni, na ɗauka ta ƙarin ƙarfi ce. Kullum da safe sai in haɗiye su tare.

Ranar nan Don-Me ta zo zura allura, ta buɗe gwangwanin, sai ta ci karo da magungunan. Ta kai katin biyu bakin taga tana juya bayansu.

"Inna, don me babban rubutun daban-daban ne, amma ƙaramin na ƙasa iri ɗaya? Har lambar ma ɗaya ce."

"Ke dai zura mini allura. Ni na haɗa su?"

"To mu je mu tambayi wadda ta sani."

Ta nace har na ɗauki mayafi. A kantin magani na ƙarshen layinmu akwai wata mata mai tabarau, wadda ta yi karatun magunguna. Ta duba katin, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, duka biyun kike sha? Tun yaushe?"

Na ce wata biyu. Ta yi salati, ta zaunar da ni, ta ɗaura mini abin awo a dantse. Ta ce magani ɗaya ne nake sha ninki biyu, jinina ya sauka fiye da kima. A gabanmu ta kira likitana a waya, ya ce in koma shan ɗaya kawai.

Ni ina jin kunya, Don-Me kuwa ta kifa ƙirji a kan teburin kantin. "Anti, in abu ɗaya ne don me wannan ja?"

"Ke ba ki da sunan yanka? Amma ai akwai wanda ake kiranki da shi a gida. Ƙaramin rubutun shi ne na yanka, babban kuwa kamfani ne ya raɗa."

"Waɗancan fa, don me suke cikin firji? Don me wannan kwalbar ba a ganin cikinta? Wa ya fara sanin ƙwaya ɗaya ta isa?"

Matar ta yi dariya har ta cire tabarau. "Baba, a ina kika samo wannan? Ke, ki riƙa zuwa ran Asabar, amma tambaya uku kawai na yarda."

Kafin sati ya zagayo na yi sallar azahar a tsaye, raka'a huɗu cur, ban dafa bango ba. Na daɗe a kan dardumar.

Ubanta ya so ta zama likita, ita kuwa ta zaɓi karatun magunguna. "Duk wannan karatu don ki tsaya bayan kantar magani?" Ta ce, "Baba, kai ma ai ba kai ke tuƙa motar ba, amma kai ka san abin da ke cikinta." Ya shafa ƙeya, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Yanzu tana ɗakin ba da magani na wani asibiti, da farar riga. An ce layinta ya fi na kowa tafiya a hankali, don sai ta sa tsoho ya maimaita mata yadda zai sha kafin ta sake shi.

Ni mai ƙin tarkace, yau akwai buhu guda na kwalaye a bayan ƙofata, ban daina tarawa ba. Tun ranar nan, muna dawowa daga kanti tana riƙe da hannuna, ta ce, "Inna, don Allah kada ki ƙara yar da kwalin. Da 'yar takardar nan ta ciki mai ninki. Ki ajiye mini, ina so in karanta."