Maharazu, Babu Aljani A Cokalinka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Mayu na wannan shekara ta 1976, Allah ya yi wa Maharazu Mai Cokali rasuwa a gidansa da ke bayan tashar Jibiya. Ni labarin bai iske ni ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, a nan Ikko, ina bakin mota da buhun siminti a ka. Mahmudu direba, mai sauko da shanu daga gida, shi ya tare ni ya ce, "Nagoggo, sai haƙuri, mutuminka ya riga mu." Na ce wane mutumin nawa? Ya ce mai cokali. Ban san sa'ad da buhun ya bar kaina ba.

Maharazu, har yanzu da nake wannan rubutu ban gama yarda ba. Mutumin da ban taɓa ji ya ce ko kansa na ciwo ba. Mahmudu ya ce ranar Lahadi ce, kasuwa ta cika, kana tsakiyar da'irarka kamar kullum, cokali a hannu kana murzawa, sai ka faɗi. Da aka ɗago ka bakinka ya karkace gefe ɗaya, hannun dama ya saki. Kwana uku ka yi ba magana. Wannan ciwo mun san shi, ya kama tsofaffinmu da ba su taɓa riƙe cokali ba. Amma mutanen garinmu sun samo masa wani suna. Wai aljanun da ke lanƙwasa maka ƙarfe ne suka gaji, suka lanƙwasa maka baki.

Abin da ya fi mutuwar gigita ni shi ne sauran labarin. Mutum tara suka tsaya bayan Liman a kan gawarka, a garin da in ka shimfiɗa tabarma har direbobin Maraɗi kan kashe mota su sauko kallo. Kuma matarka Hajjo, wadda shinkafa da waken da take sayarwa a tasha su ne ke riƙe da gidan, tana takaba, tun da aka yi sadakar uku 'yarku Adama ke kai tukunya tasha tana mayar da ita kamar yadda ta kai ta. Ba mai son sa cokalin gidanku a baki.

Shekara bakwai da suka wuce, a ƙofar maƙerata, ka sa na rantse ba zan faɗa wa kowa yadda ake yi ba. Na tuna kalmominka sarai. Ka ce, "Maƙeri, muddin ina numfashi." Na riƙe maka, har a shekarun da ba ma ga maciji da juna. Yanzu numfashin ya ƙare, rantsuwar ta sauka daga wuyana. Ku saurara, mutanen Jibiya.

Cokalin da kuke gani yana narkewa tsakanin yatsunsa har kan ya faɗi ƙasa, ni nake gyara shi lokacin da nake gari. Ranar Asabar yakan kawo mini guda biyar ko shida. In kama wuyan cokali, wurin da kai ya haɗu da mariƙi, in lanƙwasa gaba, in mayar baya, in yi ta yi har ƙarfen ya gaji, ya rage saura ƙiris ya rabu. Sai in miƙar da shi, in goge wurin da toka yadda ido ba zai ga tsagar ba. Irin wannan cokali ko jinjiri ya murza shi zai karye. Gwanintar Maharazu ita ce ya hana shi karyewa da wuri. Yakan danne tsagar da babban yatsa, yana sassautawa kaɗan-kaɗan, kan cokalin na rangaji kamar kitse a rana, ku kuma kuna salati.

Wani zai ce, to wanda mutum ya kawo daga gidansa fa? Na san da wannan. Duk wanda ya yi shekara biyar a garin ya tuna ranar da wani ma'aikacin kan iyaka, daga ɓangaren Faransa, ya zo da cokalinsa mai kauri don ya kama shi. Maharazu ya karɓa, ya juya, ya yaba. Sai ya kwaikwayi Faransanci ya ce, "Mushe, rana na dukan idona, don Allah koma nan gefe. Jama'a, ku ba babban mutum hanya mana." Aka yamutse, kowa na kallon takalman baƙo kada ya taka shi. A wannan ɗan lokaci ya danna cokalin a gwiwarsa ƙarƙashin riga. Ko ni da na san inda zan duba da kyar na gani. Daga nan sai ya rufe gwiwar cokalin da yatsu, ya shiga murzawa, yana buɗewa a hankali yana juya shi. Aikin ya riga ya ƙare tun kuna matsawa. Abin da kuka tsaya kallo, kuka riƙe baki, fitowarsa ce kawai. Baƙon ya yi dariya har da hawaye, ya ce ba zai bari a miƙar masa ba, haka zai kai wa matarsa.

Har da wanda yakan danna a benci ku ga ya lanƙwashe, ya buɗe hannu ku gan shi a miƙe. Wannan ko lanƙwasuwa ba ya yi. Mariƙin ne ke zamewa ƙasa cikin tafinsa, abin da kuke hange yana ƙyalli a saman yatsu kuwa tsohon sisi ne, irin wanda ya daina ci tun da aka kawo naira.

Iyakarta ke nan. Toka, yatsa, gwiwa da sisi.

Saura sunayen. An ce mini su ne babbar hujjar masu magana, wai kowa ya sha jin yana kiran aljanunsa ƙasa-ƙasa in yana murza cokali: Kalilu, Fatu, Abu. Wannan ban so in taɓa ba, don ba a cikin rantsuwa yake ba, a cikin amana yake. Amma kun tilasta mini. Kafin Maharazu ya zo Jibiya ya yi aure a wani ƙauye can gaba da Riko. Ƙyanda ta shiga garin, ta ɗauke masa 'ya'ya uku cikin wata ɗaya, uwarsu ta bi su kafin kaka. Wasan yana bukatar a ja lokaci, kada cokali ya karye kafin hankalin mutane ya taru, dole mai yi ya riƙa ƙirga wani abu a ransa. Shi sunayen 'ya'yansa yake ƙirgawa. Ya ce mini ta haka kullum ranar kasuwa sai ya kira su. Waɗannan su ne aljanun da kuka ƙi yi wa ubansu salla saboda su.

Ba zan wanke ka tas ba, Maharazu, don ba ka saba jin ƙarya daga bakina ba. Kana da laifi. Na sha gaya maka ka riƙa cewa rufa-ido ne, wasa ne, kafin ka naɗe tabarma. Sai ka ce, "Maƙeri, mi ya yi zafi? Ni na taɓa cewa aljani? In na ce hannu ne wa za ya tsaya?" Gaskiya ne ba ka taɓa faɗa ba. Amma ba ka taɓa musawa ba, kuma kana jin daɗin yadda ake ba ka hanya. A kan wannan muka ɓata. Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana cina: shekara da shekaru ana tafa maka, ni ina tsugune bayan taro da ƙunar wuta a yatsu, ko sau ɗaya ba ka nuna ni ka ce ga abokin aikina ba. Na san aikin ne ya hana. Sanin bai rage zafin ba.

Amma na ga abin da na gani. Shekarar fari, lokacin da mutane ke kwararowa daga arewa ba dabba ba hatsi, ka yi wata biyu kana zuwa inda suka sauka kana yi wa yaransu wasa kyauta, Hajjo na biye da kai da ƙwaryar ƙanzo. Ina nan wata mata daga Magama ta kawo maka ɗanta mai zazzaɓi, ta ajiye zakara a gabanka ta ce ka tofa masa. Da macuci ne ya samu kasuwa. Ka mayar mata da zakaranta, ka ce, "Inna, ni cokali na iya, ban iya mutum ba." Ka tsayar da mota da kanka aka kai su asibiti. Kuma duk wanda ka karya wa cokali sai ka ba shi sabo, shi ya sa Hajjo ke tare ni a hanya tana cewa, "Baban Salmatu, kai da abokin naka in kun gama cinye mini cokula sai ku zo ku riƙa ba direbobi a baki."

Ranar da zan bar gari, bayan kayan kanti sun kashe mana sana'a, ba ka zo rakiya ba. Na shiga mota ina cewa a raina shi ke nan, na gane matsayina. Mun kusa tashi sai ga Hajjo da kwanon shinkafa ɗaure a ƙyalle, ta ce kai ka aiko. Da na buɗe a hanya na tarar da cokali a ciki. Na duba wuyansa, na sake dubawa. Lafiyayye ne. Da shi nake cin abinci har yau a wannan gari da ba wanda ya san sunan ubana, inda kuɗi ke yawo kamar ruwa, mu muna ɗaukar siminti. Shekara biyu ina cewa in na je gida da salla za mu shirya.

Na ba Mahmudu wannan takarda a karanta ta a tasha ranar sadakar arba'in, da rana, gaban kowa. Tare da ita akwai cokali ɗaya naɗe a tsumma, jiya na gyara shi da hannuna. Ina roƙon Malam Liman, wanda ya tsaya a kan gawar lokacin da wasu suka noƙe, Allah ya saka masa, ya riƙe shi a wuya ya murza a gaban jama'a. Zai karye a hannunsa. Sai mu ga mai bakin da zai ce Liman ma yana da Kalilu. Wanda ya gani ya gamsu, hanyar tukunyar gidan Hajjo ba ta canza ba, kuma kabarin ba nisa.

Allah ya jiƙanka, Maharazu. Allah ya yafe maka shirun da ka yi, ya yafe mini fushin da na riƙe. Allah ya sa ciwon kwana ukun nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya sa ka amsa tambaya da harshe miƙaƙƙe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajjo, da 'ya'yanka Adama da Uwaisu, da 'yan'uwa na Riko, da mutum taran nan da ban san sunayensu duka ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba.

Shekara biyar ina jin ka kana kiran yaran nan a kasuwa ba mai amsawa. Allah ya sa yanzu sun amsa.

Nagoggo Maƙeri,
Apapa, Ikko.