Ranar da Mesata Ta Haihu a Gaban Umma

Shekarun baya, lokacin ina sarin jakunkuna a kasuwar Shiling da ke China ina turawa Kano, na kama haya a unguwar Panyu. Maƙwabcina wani dattijo ne ɗan China, yana da takardar izinin kiwon macizai. Ni da ko tsaka na gani a bango sai na sauya wurin zama, sai ga shi a hankali na zama ɗan gidansa. Da farko daga bakin ƙofa nake leƙe, daga baya na fara riƙe masa murfin akwati. Kafin shekara biyu har ya ba ni kiwon wata mace a ƙarƙashin takardarsa, irin mesar nan da ake kira bowa. Ba ta da dafi, kuma ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi kamar akuya. Na ware mata ƙaramin ɗaki, muka haɗa ta da namijin wajensa, ta ɗauki ciki.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo a duba mata ido. Na garƙame ɗakin, na ce mata samfurin kaya ne a ciki. Ƙaryar nan ta yi kwana goma sha ɗaya tana tafiya lafiya lau.

Ranar da asirina ya tonu, maƙwabcin nawa ya tafi ƙauyensu. Da hantsi na shiga sauya wa mesar ruwa, sai na tarar akwatin ya cika da yauƙi, 'ya'ya birjik, kowanne cikin 'yar jaka mai sheƙi kamar leda. Wasu sun fasa sun fito suna zaro harshe. Amma biyar na kwance a tasu jakar, ko motsin kirki babu. Na kira dattijon sau uku, wayar ba ta shiga. Na san idan suka daɗe a ciki numfashi zai gagare su, amma na tsaya na kasa taɓa su. Garin ruɗewa ashe ban rufe ƙofa ba.

“Innalillahi! Wannan ne samfurin?”

Na waiga, ga Umma riƙe da carbi. Na ce, “Umma, ki yi haƙuri, zan yi miki bayani.”

Ba ta ko kalle ni ba. Ta matso taku ɗaya, ta ƙanƙance idon da ke gani sosai. Matar nan ta shekara talatin tana karɓar haihuwa a unguwarmu.

“Bayaninka ya jira. Waɗancan ba su fito daga mahaifa ba. Tsayuwar me kake yi?”

“Tsoro nake kar in ji musu ciwo.”

“Haihuwa dai haihuwa ce. Fara ɗauke uwar, mai jego ba ta da ta ido. Ni ba zan taɓa ba ko za a ba ni China da abin da ke cikinta, amma zan gaya maka yadda za ka yi.”

Na lallaɓa na mayar da uwar wani akwati, tana huci. Umma ta kawo ruwan ɗumi da tawul, ta ajiye daga bakin ƙofa ta turo da ƙafa. Na yi bismilla na tsaga jakar farko ta wajen kai. Ta ce in share masa hanci da baki, in murza bayansa a hankali. “Kar ka kuskura ka ja cibiya, da kanta za ta bushe.” Ɗan abin nan, kaurinsa bai fi yatsana ba, ya buɗe baki ya ja iska. Huɗu suka farfaɗo haka.

Na biyar ya ƙi. Ya yi laƙwas a tafin hannuna. Na ce, “Wannan kam ya tafi.”

“Wa ya gaya maka? Ɗumama shi, ci gaba da murzawa.”

Na rufe shi da tafuka biyu ina murzawa, gumi na ɗiga daga haɓata. Can sai na ji wani abu ya naɗe mini babban yatsa, ya kai mini ɗan cizo kamar tsinin allura. Ban san sanda na yi kabbara ba. Umma kuwa sai da ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna da abin da take yi wa guɗar, ta kama baki.

Sha tara ne, kuma ko ɗaya bai mutu ba. Da dattijon ya dawo ya ƙirga, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce daga yau ni ne lawban, wato maigida. Faɗan ƙaryar da na yi kuwa na sha shi, har da ƙari.

Har yau idan na tuna, ba cizon nake ji ba, nauyin ɗan abin nan nake ji a tafina lokacin da rai ya dawo masa. Na koyi cewa ana iya yin abin da ya kamata ko da ana cikin tsoro. Na kuma daina yanke wa iyaye hukuncin abin da za su iya ɗauka.

Da Umma ta koma Kano, ƙanwata ta ce ta ji tana ba matan unguwa labarin ta karɓi haihuwa har a China. Suka tambaye ta matar waye. Ta ce, “Wata baiwar Allah ce a gidan su yaron nan. Doguwa ce sosai, ba ta da yawan magana.”