Barira, Wadda Ta Raba Sujada da Faɗuwa

Kafin kasuwar Canaan, a can ƙasar waje inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, ta cika da ciniki, Injiniya Barira ta riga ta zauna a teburinta, a wani ƙaramin kamfani mai ƙera agogon hannu da ke lura da lafiyar tsofaffi da masu hawan jini. Ba ita ke rubuta manhajar agogon ba. Abokan aikinta ne ke tsara yadda zai gane halin da mai shi yake ciki: tafiya yake, barci yake, ko faɗuwa ya yi. Nata aikin shi ne ta mayar da kowane hali ƙa'idar lissafi, ta sa kwamfuta ta gwama su ta kowace fuska, har ta tabbatar babu halaye biyu da suka cuɗanya, babu kuma wanda aka manta. Aiki ne da in ya yi kyau, ba wanda zai san an yi shi.

Da agogon ya shiga hannun alhazanmu, sai ƙorafi ya taso. Mutum zai kai goshi ƙasa a masallacin Huaisheng ranar Juma'a, agogo ya ɗauka faɗuwa ya yi, ya hau kiran 'yan'uwa. Alhaji Isufu, mai sarin kaya zuwa kasuwar Kwari ta Kano, ya same ta har ofis.

Ya ce, "'Yata, wannan abin naku ya hana ni sujada. Ko sai an musuluntar da shi ne?"

Aka kawo gyara mai sauƙi: in agogo ya gane mai shi yana salla, ya yi shiru har a sallame. Kowa ya gamsu. Ga baje kolin Pazhou ya matso, laoban, wato mai kamfanin, ya ƙagu a fitar da kaya. Barira ta ɗora gyaran a ma'auninta, lissafi ya nuna mata rami: wanda ya yanke jiki a tsakiyar salla ba zai sallame ba, saboda haka agogon ba zai taɓa kira ba.

A taron kamfanin, ta ƙi sa hannu. Waɗanda suke wurin sun shaida ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi mai tsawaita sujada daban, wanda ya kasa ɗagowa daban, kuma dole a fayyace bambancin ta bugun zuciya, a tabbatar da shi. Kafin a gama gyaran da ta nema, baje kolin ya wuce su. An daɗe ana amsa gaisuwarta da ƙyar, ita kuma tana komawa gida tana tambayar kanta ko taurin kai ne kawai.

Shekara ta zagayo. Alhaji Isufu ya tayar da La'asar shi kaɗai a masaukinsa na unguwar Sanyuanli, ya yi sujada, bai ɗago ba. Agogo ya ga bugun ya rikice, ya kira maƙwabcinsa Mahamadou, aka garzaya da shi asibiti. Yau Alhaji yana Kano cikin jikokinsa, yana jan ƙafa, yana jan carbi.

Mu kuwa al'umma ce mai yabon wanda ya cika kwantena. Wanda ya tsaya ya ce a dakata, da wuya mu tuna sunansa, kuma wannan yana ci mini rai. Barira, ke ce mai duba abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Ke ce kika tuna da mutumin da ba ya cikin ɗakin taron, wanda zai faɗi inda ba mai ganinsa. Yanzu da kike shirin ajiye aiki ki koma gida bayan doguwar hidima, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Matasanmu masu wannan ilimi, kada hannunku ya riga tabbacinku.

Da Alhaji Isufu ya ji za ta dawo, sai ya aiko da saƙo ta bakin Mahamadou: "Ku gaya wa 'yata, agogon nan ya musulunta. Ya san mai salla, ya kuma san mai neman taimako."