Kifin da Na Juya a Gaban Kakarta

Shekarun baya, lokacin da nake haɗa wa 'yan Kano kaya a kasuwar Tianxiu da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin, zuciyata ta kamu da son wata 'yar Sin mai sayar da labule, wadda ta musulunta tun kafin mu haɗu. Iyayenta ba su ƙi ni ba, amma sun ce magana tana bakin kaka. In tsohuwa ta ce a'a, shi ke nan.

Muka tafi garinsu, wani ɗan ƙaramin birni a bakin kogi, kudu da Guangzhou. Hazo na kwance a kan ruwa kamar mayafin amarya, ni kuwa da na ƙoshi da littattafan soyayya, sai na ji kamar ni ne tauraron labarin. Tituna shiru, sai tsofaffi a ƙofar gida suna goyon jikoki. Masoyiyata ta ce matasan duk sun tafi masana'antu. Ta ce danginsu mutanen ruwa ne: a kwale-kwale ake haihuwa, a can ake aure, a da ma ba a bari su yi gini a tudu. Kakarta na cikin na ƙarshe da suka hau ƙasa.

Tsohuwar ta ji ba na cin alade, sai ta dafa mini kifi guda, babba. Na ci ɓari ɗaya, na yi santi, na sa hannu na juya shi yadda muke yi a gida.

Kowa ya ajiye tsinken cin abincinsa.

Masoyiyata ta sunkuyo, ta raɗa mini cewa a wurinsu ba a juya kifi, don kamar kife kwale-kwale ne. Kuma haka kakanta ya rasu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kaka ta daɗe tana kallona. Sannan ta tambayi jikarta ko akwai kogi a garinmu. Na ce a gaya mata mu sai rijiya da kududdufi. Ta yi dariya har da tari, ta mayar da kifin yadda yake, ta ɗage ƙayar tsakiya a hankali, ta zuba mini naman da ke ƙasanta a kwanona.

"Ɗan tudu ne," in ji ta, jikarta na fassarawa. "Ka ci. Ke kuma jikata, gara shi, ruwa ba zai ɗauke maki shi ba."

Yanzu kaka ta rasu, gidan ma an rufe, kamar yawancin gidajen layin. Abin da na koya shi ne, kowane gida da ƙayar da ake ɗagewa a hankali. Har yau in an kawo kifi, uwar 'ya'yana takan zuba wa hannuna ido tana murmushi, ni kuma ban sake juyawa ba.