Tsohon da Ke Mirgina Sandar Sunuka

Ranar Asabar da la'asar, a kulob ɗin ma'aikatan wata masaƙa a Bompai, Nuru akawu na jiran layinsa a teburin sunuka, wasan zungurar ƙwallaye da sanda, idonsa na kan wani tsoho da bai sani ba. Dogo ne siriri, garin katako ya maƙale a gemunsa, babban yatsansa na hagu guntu ne. Kafinta ne ba tantama, kuma da alama ba mai jiransa a gida.

'Yan wasa na ta musun wa ya fi iya sassaƙa sandar sunuka a Kano. Tsohon ya matso kusa da teburin. Sanda ɗaya ya ɗauka yana mirginawa a kan tebur, ya sunkuya yana duban ko ta karkace. Tana tafiya sumul.

"Baba, ku raba mana gardama," in ji Nuru. "Cikin masu rai, wa ya fi?"

"Da mu biyu ne, ni da Gwadabe," in ji tsohon. "Shekara ashirin yana kushe aikina. Bara muka binne shi."

Ya shafa sandar a hankali.

"Wannan tasa ce. Yanzu ko na yi karkatacciya, wa zai faɗa mini?"