Tsohon da ke gabana a layin tikitin sukuwa

Jama'a, ku ji abin da na gani yau! Na je sayen tikitin babbar sukuwar gobe, layi har titi. Wani tsoho ne a gabana, awa biyu muna tsaye cikin rana.

Muna kaiwa taga, Madam Rifkatu mai sayar da tikitin ta miƙe tsaye.

"Baba, ba kai ka raini dokin da kowa ke zancensa ba? Ai kyauta za ka shiga, har wajen dawakai."

Ya girgiza kai. "A'a ɗiyata, ba ni tikiti na cikin jama'a, can nesa. In ya ji ƙanshina kusa, wurina zai nufo, ya bar tseren."

Wallahi haka ya karɓi tikitinsa na cikin jama'a ya tafi.