Makonni Shidan Malam Haruna

Har yau ranar da aka dawo mini da Malam Haruna na Ƙofa, mutum biyu na ɗauke da shi, ba ta bar raina ba. A lokacin ni ne babban jami'i a sashen gashin ƙashi da motsa jiki na wani asibiti a yankin Kankia, kuma da idona na ga dattijon nan yana takawa da sanda kafin mu sallame shi.

Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, watannin farko su ne jiki ya fi karɓar koyo: gaɓar da ake sa wa aiki tana iya farfaɗowa, wadda aka bari kuwa ƙagewa take yi. Saboda haka ranar sallama na rubuta atisaye a takarda, na miƙa wa babban ɗansa Sagir, malamin Islamiyya. Na ce ya tabbatar mahaifinsa yana tashi da kansa, yana ɗaukar buta da kansa. Ya ce, "In sha Allahu, Likita."

Bayan mako shida da aka dawo da shi, gwiwa ta ƙi miƙewa, yatsu sun dunƙule. Na ja Sagir waje, raina a ɓace, na tambaye shi me suka yi.

Ya sunkuyar da kai. "Likita, ina tsaye Baba na kokawa da buta, masu dubiya na kallona? Me za a ce da ni a Ƙofa? Kuma da wane bakin zan ce masa tashi?"

Ashe 'ya'yansa ne suke ɗaga shi, su yi masa alwala, su ba shi abinci a baki. Ni ma ban taɓa ba mahaifina umarni ba. Me ya sa na ɗora wa ɗan wani?

Zama ya gagare ni. Ranar Asabar na hau babur zuwa Ƙofa, ban ma san abin da zan je yi ba. A zaure na iske wani tsoho, Malam Ado, taubashin majinyacin, yana tsokanarsa.

"Rago! Ciyawa ta cinye gyaɗarka, kana nan ana ɗura maka koko kamar jinjiri."

Malam Haruna ya ce, "Bari in tashi, bawana, ka ga rago!" Ya dafa bango ya yunƙura. Sagir ya zabura zai tallabe shi, na riƙe masa riga. Bai miƙe ba, amma ya rabu da tabarma.

A nan na zauna na koya wa Malam Ado atisayen ɗaya bayan ɗaya. Kullum da hantsi yakan zo ya kori 'ya'yan. "Ku ba mu wuri, wannan tsakanina da shi ne."

Ƙafa ta dawo. Kafin kaka Malam Haruna yana zuwa masallaci da sanda. Hannun bai dawo ba. Ko makonni shidan nan ne suka ci shi, ko dama ba zai dawo ba, ban sani ba, kuma na kasa daina tambayar kaina.

Ku da kuke shigowa aikin nan, mutanenmu ba sakaci ke kwantar da majinyacinsu ba, sau da yawa ladabi ne. Kafin ku sallami dattijo, ku bincika wane ne a gidan yake da bakin ce masa tashi.